Ƙurajen da Suka Biyo Bayan Shan Magani: Alamomin da Ba a Kwana da Su a Gida

Uwargida, a yawancin gidajenmu ke ce likitar farko. Tafin hannunki ne yake fara jin zafin jikin yaro, ke kike auna sirop a cokali, ke kike tuna wa maigida lokacin shan ƙwayarsa. Saboda haka idan magani bai karɓi jikin wani a gidan ba, idonki ne zai riga na kowa gani.

Mafi yawan ƙurajen da magani ke fesowa da su ba su da haɗari. Sukan yi ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, su baje da zarar an daina shan maganin. Amma akwai wani nau'i da ba a cika samu ba, wanda ke saluɓe fatar mutum kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, ya cinye baki da ido, har ya kai ga rasa rai. Farkonsa yana kama da zazzaɓi ko ƙyanda, shi ya sa ake zama da shi a gida ana ƙara wa maras lafiya maganin da ke cutar da shi. Abin da ke raba wanda ya tsira da wanda bai tsira ba, sau da yawa, shi ne saurin gane alamar da saurin tsayar da maganin.

Wane ciwo ne wannan?

Likitoci na kiran sa ciwon Stevens-Johnson, a taƙaice SJS. Sunan ya samo asali ne daga wasu likitocin yara biyu na Amurka, Albert Stevens da Frank Johnson, waɗanda a 1922 suka rubuta labarin yara maza biyu da suka zo da zazzaɓi, kumburin ido, gyambon baki da ƙuraje a jiki. A 1956 wani likitan fata a Birtaniya, Alan Lyell, ya bayyana nau'in da ya fi muni, wanda ake kira TEN. A yau an san ciwo ɗaya ne, yawan fatar da ta saluɓe ne ya bambanta su. Idan ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, SJS ne. Idan ta haura kashi 30, TEN ne. Abin da ke tsakani kuma haɗakar biyun ce. Don ki gane ma'aunin, tafin hannun maras lafiya haɗe da yatsunsa ya kai kimanin kashi 1 cikin 100 na fatarsa.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, sojojin garkuwar jiki suna ɗaukar maganin a matsayin abokin gaba, sai su afka wa ƙwayoyin halittar da suka gina saman fata. Saman fatar ya mutu, ya rabu da na ƙasa. Hakan na faruwa har a wuraren da ke da danshi: baki, maƙogwaro, ido, al'aura, wani lokaci har hanyar numfashi.

Fata kuwa ita ce katangar jiki. Ita ke riƙe ruwa, ita ke riƙe ɗumi, ita ke tare ƙwayoyin cuta. Idan ta buɗe, ruwa da gishirin jiki su tsiyaye, sanyi ya shiga, ƙwayoyin cuta su sami hanyar zuwa jini. Wannan shigar cuta cikin jini ita ce ta fi kashe masu ciwon. A cikin masu SJS, waɗanda ke rasuwa kan kai 1 cikin 10. A cikin masu TEN kuwa, kusan 3 cikin 10 ne.

Ki kwantar da hankali a kan abu biyu. Na farko, ciwon ba shi da yawa: a cikin mutum miliyan ɗaya, 'yan ƙalilan ne ke samun sa a shekara. Na biyu, ba a ɗaukar sa. Za ki iya jinyar mai shi, ki rungume shi, ki shayar da shi, babu abin da zai same ki. Sai dai ba ya zaɓen talaka ko mai hali. Manute Bol, dogon ɗan wasan ƙwallon kwando ɗan asalin Sudan da ya yi suna a Amurka, ya rasu a 2010 yana fama da ciwon ƙoda haɗe da wannan ciwo.

Yadda yake farawa

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne lokaci. Ba a ranar da aka fara shan maganin yake bayyana ba. Yawanci sai bayan kwana 4 zuwa 28, wani lokaci har mako 8. Uwa za ta ce, "Ai ya yi sati biyu yana sha lafiya lau, ba maganin ba ne." Alhali wannan tazarar ita ce daidai lokacin da ciwon ya saba fitowa. Wanda kuma ya taɓa yin sa, idan ya sake shan maganin, yana iya dawo masa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ya fi na farko tsanani.

Kwana 1 zuwa 3 na farko kamar mura ce mai nauyi: zazzaɓi, ciwon jiki, ciwon maƙogwaro, raɗaɗin ido, wahalar haɗiya. Daga nan sai ƙuraje su fito, galibi daga fuska da ƙirji, su bazu zuwa sauran jiki. Ga abin da za ki duba:

- Fata mai zafi da raɗaɗi idan an taɓa. Ƙurajen yau da kullum ƙaiƙayi suke yi, waɗannan ciwo suke yi kamar ƙuna.
- Tabbai masu duhu a tsakiya, waɗanda ke haɗewa da juna.
- Bororo mai ruwa, ko fatar da ke zamewa idan tufa ko hannu ya goge ta.
- Leɓɓan da suka kumbura, suka fashe, suka yi ɓawon jini. Gyambo a harshe da dasashi, yawu na dalala, yaro ya ƙi nono ko abinci.
- Jan ido, kwantsa mai manne fatar ido, rashin son haske.
- Kuka ko raɗaɗi wajen fitsari, gyambo a gaba ko a dubura.

A littattafan likitanci ana cewa fatar takan yi ja. A jikinmu na baƙaƙen fata jan ba ya fitowa sosai. Wurin yakan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi kamar toka-toka, ko shuɗi-shuɗi. Don haka ki fito da yaron haske, ki duba tafin hannu da na ƙafa, ki buɗe baki, ki duba ido. Waɗannan wuraren ba sa ɓoye abin da ke faruwa.

Ƙyanda ce ko magani ne?

Nan ne ake yawan yin asarar lokaci. Yaro ya yi zazzaɓi, ido ya yi ja, ƙuraje sun fito, sai manya a gida su ce baƙon dauro ne, a bar shi a ɗaki, wasu ma su ce ba ya son allura. Ƙyanda takan zo da tari da majina, ƙurajenta ƙanana ne, suna farawa daga bayan kunne da fuska su gangaro, kuma ba sa yin bororo. Ƙarambau yana yin ƙananan ƙuraje masu ruwa, amma a warwatse suke, masu ƙaiƙayi, ba sa saluɓe fata falle-falle.

Ba aikinki ba ne ki tantance. Aikinki tambaya ɗaya ce: a cikin wata biyun da suka wuce, an fara ba shi wani sabon magani? Idan amsar e ce, ga zazzaɓi, ga ƙuraje, ga ciwon baki ko ido, to a ɗauka magani ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Ko da ƙyandar ce ta gaske, asibiti take buƙata. A yara ma akwai wata ƙwayar cutar huhu da kan jawo irin waɗannan alamu ba tare da an sha komai ba, ita ma asibiti ne maganinta.

Magungunan da aka fi samu da hannu

Kusan kowane magani na iya jawo shi, amma akwai waɗanda sunansu ya fi fitowa, kuma da yawansu suna cikin lokar ɗakinki:

- Dangin salfa. Septrin, wanda sunansa na asali co-trimoxazole, da Fansidar da ire-irensa kamar Amalar da Maloxine, waɗanda ke ɗauke da sulfadoxine da pyrimethamine. Fansidar yana daɗewa a jini har makonni, don haka shan sa sau ɗaya ya isa, kuma alamar na iya fitowa bayan an manta an sha.
- Magungunan farfaɗiya da jijjiga: carbamazepine da aka fi sani da Tegretol, phenytoin, phenobarbitone da lamotrigine. Ana ba da wasunsu don ciwon jijiya da lalurar ƙwaƙwalwa ma.
- Allopurinol, na ciwon gaɓoɓin da yawan sinadarin yurik a jini ke kawowa.
- Piroxicam, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Feldene da Felvin, da mata da yawa ke sha don ciwon mara ko ciwon baya.
- Nevirapine, ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Daga 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir a matsayin zaɓin farko, amma ana ci gaba da ba jariran da iyayensu ke ɗauke da cutar ruwan nevirapine don kariya.
- Wasu magungunan tarin fuka da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Waɗannan magunguna masu amfani ne, miliyoyin mutane na shan su lafiya, wasu ma ba su iya rayuwa sai da su. Wanda ya daɗe yana shan Tegretol wata da watanni ba tare da matsala ba, ya wuce lokacin haɗarin, kada ki tayar masa da hankali. Makonni 8 na farko ne ake sa ido.

Wasu mutane sun fi wasu shiga haɗari. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ya fi sauran jama'a nesa ba kusa ba, haka masu ciwon daji. Gado ma na da hannu. A 2004 masu bincike a Taiwan suka gano wata alamar gado da ke sa carbamazepine ya jawo ciwon, wadda ta fi yawa a mutanen kudu maso gabashin Asiya, har ta kai a wasu ƙasashen can ana gwada jini kafin a rubuta maganin. Akwai wata alamar mai alaƙa da allopurinol da ake samu har a cikin 'yan Afirka. Shi ya sa idan uwa, uba ko ɗan'uwa na jini ya taɓa yi, yana da kyau likita ya sani.

'Yan'uwansa guda biyu

Akwai wani da ake kira DRESS. Shi ya fi jinkiri, yakan fito mako 2 zuwa 8 bayan fara magani. Fata ba ta cika saluɓewa ba, amma fuska takan kumbura, zazzaɓi ya yi zafi, kaluluwa ta fito a wuya ko hammata, ƙuraje su rufe jiki. Ɓarnarsa a ciki take: hanta, ƙoda, wani lokaci zuciya. Idan ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ko fitsari ya yi duhu ko ya ragu, abin ya yi nisa. Shi ma yana kisa, kuma yana iya tasowa makonni bayan an daina maganin.

Na biyun kin san shi ko da ba ki san sunansa ba: baƙin tabo zagayayye da ke fitowa a leɓe, hannu ko al'aura duk lokacin da mutum ya sha Septrin ko Fansidar, kuma a wuri ɗaya yake dawowa. Yawanci ba ya kai ga asibiti, amma jiki ne ke faɗin ba ya son maganin. Idan aka ci gaba da maimaitawa, tabban na ƙaruwa, suna iya yin bororo su bazu.

Duk waɗannan daban suke da borin jinin da ke tashi cikin mintuna bayan allura ko ƙwaya, da kumburin leɓe da toshewar numfashi. Wancan ma na gaggawa ne, a nufi asibiti mafi kusa nan take.

Abin da za ki yi a ranar

Kada ki ba da maganin na gaba. Ki kama hanyar asibiti a ranar, ko da dare ne. Idan maigida ba ya nan, ki kira shi a waya kina shiri, ki nemi wanda zai raka ki. Idan maganin farfaɗiya ne, na tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki, zuwa cikin sa'o'i ya ƙara zama dole, domin yanke su haka kawai ba tare da canji ba yana da nasa haɗarin. Mai farfaɗiya na iya faɗuwa. Likita ne zai sauya masa da wani.

Ki tattara duk abin da ya sha a wata biyun nan a leda ɗaya: kwalaye, kwalabe, fankon sacet, katin asibiti, har da na gargajiya da na Islamik kemis. Kada ki ji kunyar faɗin wanda kika saya da kanki. Likita ba faɗa yake nema ba, suna yake nema. Ki faɗi ranar da aka fara kowanne, da ranar da zazzaɓi ya fara, da ranar da ƙuraje suka fito. Idan kina da hoton yadda fatar take jiya a wayarki, ki nuna.

Kafin ku isa, ki lulluɓe shi da zane mai tsabta, mai laushi, wanda ba ya mannewa, don kada sanyi ya kama shi. Ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan idan yana iya haɗiya, jariri kuma a ci gaba da ba shi nono. Kada ki fasa bororo, kada ki ja fatar da ta ɗago. Kada a shafa man shanu, man goge baki, toka, hoda ko garin magani, kada a yi wanka da saiwa ko a yi turare. Kada a ɗiga komai a ido. Kada a koma kemis a karɓo wani maganin "na ƙuraje", domin ƙara sabon magani yana ƙara rikita lissafin.

Idan ƙaramin asibiti kuka fara zuwa, ki faɗa musu kai tsaye: "Ya fara sabon magani, ga zazzaɓi, ga baki da ido sun kama." Mai wannan ciwo yana buƙatar babban asibiti mai sashen kula da masu ƙuna ko masu jinya mai tsanani, irin asibitocin koyarwa na Aminu Kano, Shika a Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Idan an ba ku takardar turawa, kada a tsaya gida shawara.

Me za a yi masa a asibiti?

Babban magani shi ne gano wanda ya jawo a tsayar da shi. Sauran jinya ce irin ta mai ƙuna: ƙarin ruwa, ɗaki mai ɗumi, wankin ciwo cikin tsabta, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, da ciyarwa ta robar hanci idan baki ya hana cin abinci. Kada robar ta tsorata ki, sabuwar fata ba ta tsirowa sai da abinci. Wasu likitocin kan ƙara magungunan da ke lafar da garkuwar jiki.

Ki roƙa likitan ido ya duba shi tun kwanakin farko, ko da idon bai yi muni ba. Idan mace ce ko yarinya, a duba gabanta ma, domin gyambon wurin na iya warkewa ya manne. Za a taƙaita masu dubiya, wannan kariya ce gare shi. Ki wanke hannu kafin ki taɓa shi. Fata takan fara dawowa cikin kwanaki, ta rufe cikin mako 2 zuwa 3.

Bayan an dawo gida

Fata na iya yin dabbare-dabbare, wani wuri fari wani baƙi, yawanci yana daidaita a hankali cikin watanni. Kada a shafa man bilicin. Farce na iya faɗuwa, gashi ya zube. Ido ne ya fi daɗewa da wahala: bushewa, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar, wasu har su rasa gani. Don haka kada a yanke zuwa asibitin ido. Yaron da kamanninsa suka canza yana buƙatar ki tsaya masa a makaranta da unguwa, ki bayyana cewa ba a ɗauka.

Kafin a sallame ku, ki sa likita ya rubuta miki sunan maganin na asali, ba na kamfani kaɗai ba, tare da danginsa da za a guje wa. Magani ɗaya na zuwa da sunaye da kwalaye iri-iri. Wanda Septrin ya cutar ba zai sha Fansidar ba. Wanda carbamazepine ya cutar, phenytoin da phenobarbitone ma na iya cutar da shi. Ki ɗauki hoton takardar a waya, ki tura wa maigida, kaka, da duk wanda yaron kan kwana a wurinsa. Ki koya wa yaron sunan kamar yadda kika koya masa sunan unguwarku. Haramcin na har abada ne, babu "a gwada rabi a gani". Ki kuma nemi ma'aikatan su kai rahoto ga hukumar NAFDAC, wadda ke tattara bayanan illolin magunguna a Najeriya.

Maganin damina da na awon ciki fa?

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a watannin damina a yankin Sahel, wanda ake bi gida-gida da shi a arewacin Najeriya da Nijar. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin dangin Fansidar ce. Irinta ake ba mai ciki a wurin awo daga wata na huɗu. Kada wannan bayani ya sa ki rufe wa masu rabon ƙofa. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara da yawan da ba a haɗa shi da wannan ciwo, kuma mummunar illa daga maganin kariyar ba a cika ganin ta ba. Abin da ake so ki faɗa musu tun kafin su ɓare sacet: idan yaron ya taɓa yin ƙuraje, baƙin tabo ko ciwon baki bayan Septrin ko Fansidar, ko kuma yana kan shan Septrin a lokacin. Irin waɗannan yaran ba a ba su. Haka ke ma za ki faɗa wa malamar awo.

Sai al'adar "haɗi", inda mai kemis ke zuba ƙwayoyi kala-kala a ƙullin leda babu suna. Ranar da abu ya faru, babu wanda zai iya cewa ga wanda ya jawo, kuma ba za a san abin da za a guje wa nan gaba ba. Ki riƙa karɓar magani a cikin sacet ko kwalinsa, ki tambayi sunansa, ki ɗauki hotonsa, ki rubuta ranar da aka fara. Minti ɗaya ne.

'Yar'uwa, idan kin taɓa jinyar mai irin wannan ciwo, ki ba mu labarin alamar da kika fara gani a sashen sharhi, wata uwar za ta amfana. Amma idan yanzu haka ɗanki na da zazzaɓi, ƙuraje da ciwon baki bayan sabon magani, kada ki turo hoto kina jiran amsa. Ki ɗauki ledar magungunan da mayafinki, ku tafi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana zuri'a.